MU SAN MAJALISAR TARAYYA: KUJERU NAWA JIHARKA TAKE DA SU, KUMA DON ME?

Darasinmu na wannan wata a kan Majalisar Tarayya ne, wadda take zama a Abuja. Wasu suna ce mata Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Duk abu ɗaya ne.

Wanda ya fita zaɓe ranar 25 ga Fabrairu 2023 zai tuna an miƙa masa takardun ƙuri'a guda uku. Ɗaya ta shugaban ƙasa ce, wannan kowa ya gane ta. Sauran biyun fa? Da yawanmu mun dangwala yatsa ne kawai a kan alamar jam'iyya, muka jefa a akwati, muka koma gida. To, waɗannan takardu biyu na 'yan aikenka ne a Abuja. Ɗaya ta sanata, ɗaya ta ɗan majalisar wakilai. Ba a zaure ɗaya suke zama ba, kuma ba da mudu ɗaya aka auna kujerunsu ba. Wannan maganar mudu ita ce cibiyar darasin, sai a karanta a hankali.

ZAURE BIYU A GIDA ƊAYA

Tsarin mulkin ƙasarmu ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999. Shi ne uwar dokoki, duk wata doka a ƙarƙashinsa take. Shi ne ya ce Majalisar Tarayya za ta zama zaure biyu. Na farko Majalisar Dattijai, mai kujeru 109. Na biyu Majalisar Wakilai, mai kujeru 360. In ka haɗa, mutum 469 ke nan. Idan ka ga hotonsu a talabijin ko a waya, zauren da yake da jajayen kujeru na Dattijai ne, mai korayen kujeru kuma na Wakilai.

Kowane zaure yana zaɓen shugabansa daga cikin 'ya'yansa. A watan Yuni 2023 Dattijai suka zaɓi Godswill Akpabio daga Jihar Akwa Ibom ya zama shugabansu, Barau Jibrin daga Kano ta Arewa ya zama mataimaki. Wakilai kuma suka zaɓi Tajuddeen Abbas, mai wakiltar Zariya, ya zama kakakinsu, da Benjamin Kalu daga Jihar Abiya mataimaki.

Ɗan majalisa shekara huɗu yake yi, sai a koma zaɓe. Gwamna da shugaban ƙasa ba sa wuce zango biyu, amma shi ɗan majalisa ba a yi masa iyaka ba. Muddin jama'a suna zaɓensa, sai ya yi ta komawa. Mai neman kujerar sanata sai ya kai shekara 35. Ta wakilai a da shekara 30 ce, amma a 2018 aka rage ta zuwa 25 don a ba matasa dama. Dole kuma ya zama yana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi.

MUDU NA FARKO: KOWACE JIHA UKU

Mu ɗauka akwai wani gari mai unguwa huɗu. Unguwar Manoma gida ɗari ne. Unguwar Maƙera gida goma. Sai aka ce za a yanke shawara a kan inda za a haƙa rijiya. In aka ce a ƙirga kawuna, kullum Manoma ne za su ci, Maƙera ba za su taɓa samun rijiya a kusa ba. In kuma aka ce kowace unguwa murya ɗaya, Manoma za su ce an ƙware su, don gida goma ba zai yi daidai da gida ɗari ba. Kowa da gaskiyarsa. Sai masu hikima suka ce a yi taro biyu. A taro na ɗaya kowace unguwa ta aiko dattijai uku, ko babba ce ko ƙarama. A taro na biyu kowace unguwa ta aiko mutane gwargwadon yawan gidajenta. Ba za a haƙa rijiya ba sai taron nan biyu duk sun yarda.

Haka Majalisar Tarayya take. Taro na ɗaya shi ne Majalisar Dattijai. Kowace jiha sanata uku, Birnin Tarayya Abuja kuma sanata ɗaya. Ɗauko alli ko fensir ka gwada: jiha 36 sau 3, ya ba da 108. Ƙara 1 na Abuja, 109.

An raba kowace jiha gida uku, kowane yanki da sanatansa. Ƙananan hukumomin Kano 44 ne. Kano ta Tsakiya tana da 15, Kano ta Arewa 13, Kano ta Kudu 16. A Katsina mutane sun fi sanin su da shiyyar Katsina, shiyyar Daura da shiyyar Funtuwa. Saboda haka kai sanata ɗaya ka zaɓa, ba uku ba, wato na shiyyar da kake zaune.

Yanzu duba abin da wannan mudu ya haifar. A ƙidayar jama'a ta 2006 an sami mutum wajen miliyan 9 da dubu 400 a Jihar Kano. A Jihar Bayelsa kuma wajen miliyan 1 da dubu 700. Amma Kano sanata uku, Bayelsa ma uku. Wato kowane sanatan Kano yana ɗauke da mutum sama da miliyan uku, na Bayelsa kuwa bai kai dubu 600 ba. In an zo kaɗa ƙuri'a a zaure, hannun wannan ɗaya, hannun wancan ɗaya. Mutumin Kano yana iya ganin an danne shi. Ba kuskure aka yi ba, da gangan aka tsara haka, don kada manyan jihohi su haɗa kai su haɗiye ƙanana.

Ba kullum aka kasance a kan uku ba. A Jamhuriya ta Farko, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba jama'a ne suke zaɓen dattijai da ƙuri'a ba, gwamnatocin jihohin wancan lokaci ne suke tura su. A 1979, zamanin Alhaji Shehu Shagari, jihohi 19 ne, kowace da sanata biyar, jimla 95. A zaɓen 1992 aka koma uku-uku, jihohi 30 da Abuja, jimla 91.

Akwai wani abu a nan da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Duk lokacin da aka tsaga jiha, yankin yana samun ƙarin sanatoci, ko da mutanensa ba su ƙaru ba. Tsohuwar Jihar Sakkwato sanata biyar take da su a 1979. A 1991 aka cire Kabi, a 1996 aka cire Zamfara. Yau ƙasar nan ɗaya tana da sanata tara. Tsohuwar Jihar Kano ita ma biyar take da su. Sau ɗaya aka tsaga ta, aka fitar da Jigawa a 1991, don haka yau shida take da su. In ka ji mutane suna ta neman a ba su sabuwar jiha, ba gidan gwamna da sakatariya kaɗai suke nema ba. Har da kujeru uku a Majalisar Dattijai. Shi ya sa mutanen Kudu maso Gabas suke yawan kuka: jiharsu biyar, sanata 15, alhali Arewa maso Yamma jiha bakwai, sanata 21.

MUDU NA BIYU: A ƘIRGA KAWUNA

Taro na biyu shi ne Majalisar Wakilai. A nan yawan jama'a ake dubawa. Tsarin mulki ya ce hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ta yanka ƙasa gida 360. Kowane yanki sunansa mazaɓa. Ya kafa sharaɗi biyu. Na ɗaya, yawan mutanen kowace mazaɓa ya yi kusa da na 'yar'uwarta gwargwadon iko. Na biyu, kada mazaɓa ɗaya ta tsallaka iyakar jiha. Ko da ƙauyenku da ƙauyen da ke tsallaken rafi dangi ne, kasuwarku ɗaya, in su suna Jigawa ku kuna Kano, ba za a haɗa ku da wakili ɗaya ba.

Kano da Legas su ne kan gaba, kowace kujeru 24. Kaduna 16, Katsina 15, Bauci 12. Jigawa, Sakkwato da Binuwai 11 kowace. Barno da Neja 10 kowace. Kogi 9. Kabi, Filato da Adamawa 8 kowace. Zamfara 7. Yobe, Gwambe, Taraba da Kwara 6 kowace. Nasarawa 5, daidai da Bayelsa, su ne mafi ƙanƙanta. Abuja 2.

Mazaɓa ba lallai ta zama ƙaramar hukuma ɗaya ba, don ƙananan hukumomi 774 ne, kujeru kuwa 360. Ƙaramar hukuma mai yawan jama'a takan tsaya ita kaɗai, kamar Bichi a Kano ko Gwaram a Jigawa. Wasu a haɗa biyu, kamar Wudil da Garko, ko Funtuwa da Ɗandume. Wasu uku, kamar Rano da Bunkure da Kibiya, ko Daura da Sandamu da Mai'aduwa. Har huɗu ma akan haɗa: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi wakilinsu ɗaya. Inda aka haɗa irin haka, ku kun fi kowa sanin rigimar da akan yi duk bayan shekara huɗu a kan wace ƙaramar hukuma ce za ta fitar da ɗan takara. Karɓa-karɓar nan yarjejeniya ce ta 'yan siyasa, ba ta cikin tsarin mulki.

To, mudun ya auna daidai? Mu sake lissafi da ƙidayar 2006. Kano, mutum miliyan 9 da dubu 400 a raba wa wakili 24, kowane ya tashi da wajen dubu 390. Bayelsa, kowane wajen dubu 340. Ka ga sun yi kusa. Amma Zamfara, mai mutum wajen miliyan 3 da dubu 300 da wakili 7, kowane ya tashi da kusan dubu 470. Abuja kuwa kowane wakili wajen dubu 700, kuma tun daga lokacin birnin sai cika yake yi.

Dalili shi ne mudun ya tsufa. Mazaɓun da muke amfani da su an shata su ne tun 1996, zamanin mulkin soja, lokacin da ƙidayar 1991 ce a hannu, wadda ta ce mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 90 ba. A 2006 aka ce miliyan 140 ne. Tsarin mulki ya ce a riƙa sake duba iyakokin mazaɓu bayan an sami aƙalla shekara goma, kuma ana iya dubawa bayan kowace ƙidaya. Amma har zaɓen 2023 da tsohon rabo aka yi. Mai karatu zai ce, me ya hana? Ga abin da muke gani. Kujeru 360 ne, ba sa ƙaruwa. In za a ƙara wa wata jiha, sai an rage wa wata. Kuma tsarin mulki ya ce sabon rabo ba zai fara aiki ba sai 'yan majalisar sun amince da shi. Da wuya ka sami mutumin da zai ɗaga hannu a cire kujerar da yake zaune a kai.

Nan ne amfanin ƙidaya yake fitowa fili. An shirya yin wata a 2023, aka ɗage. Duk ranar da aka zo yinta, kada kowa ya ɓoye iyalinsa don tsoron haraji, kada a bar matan kulle ko 'yan ruga a baya. Wanda ba a ƙirga ba, ba a auna kujera da shi ba. Ba kujera kaɗai ba, har kuɗi. A tsarin da aka daɗe ana bi wajen raba kason jihohi daga asusun tarayya, kashi 40 cikin 100 daidai wa daida ake raba shi, kashi 30 kuma bisa yawan jama'a, ragowar a duba faɗin ƙasa da wasu abubuwa. Ka ga mudun nan biyu sun sake dawowa.

YADDA DOKA TAKE FITOWA

Wannan ba mai tsawo ba ne. Ana kawo shirin doka a kowane ɗaya daga cikin zauren biyu. A karanta shi sau uku, a yi muhawara, kwamiti ya duba shi, wani lokaci a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu. In ya wuce a zaure ɗaya, sai a kai ɗayan. In an sami saɓani, sai a naɗa kwamiti daga ɓangarorin biyu su daidaita. Daga nan a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, ba a nan magana ta ƙare ba. Idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka sake amincewa, ya zama doka ko babu hannunsa. An taɓa yin haka a shekara ta 2000, a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, zamanin Shugaba Obasanjo.

Kasafin kuɗin ƙasa ma ta wannan ƙofa yake bi. Gwamnati ba ta da ikon taɓa kuɗin jama'a sai majalisa ta yarda.

Akwai ayyukan da aka keɓe wa Dattijai su kaɗai. Su ne suke tantance ministoci, da jakadu, da Alƙalin Alƙalai na ƙasa, da shugaban hukumar zaɓe. Tsarin mulki ya ce kowace jiha a ba ta aƙalla minista ɗaya. Kuma ba a tura sojanmu yaƙi a wata ƙasa sai da yardar Dattijai. Mun ga amfanin wannan a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Jamhuriyar Nijar. Da maganar amfani da soja ta taso, sanatocin Arewa suka tuna wa ƙasa cewa jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Majalisar Dattijai ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Mutumin Illela ko Jibiya ko Maigatari, wanda kawunsa yake Ƙonni ko Maraɗi, ya san nauyin wannan magana.

TSAKANIN ABUJA DA JIHA

Sanata ba yaron gwamna ba ne. Ba gwamna ne ya naɗa shi ba, kuma ba shi da ikon cire shi. Jama'a ne suka zaɓe shi kai tsaye. Haka kuma Majalisar Tarayya ba uwar ɗakin majalisar jiha ba ce. Kowace da gonarta, kuma tsarin mulki ne ya kafa iyaka.

Gonar tarayya ita kaɗai ta ƙunshi soja, da buga kuɗi, da kwastan, da fasfo, da hulɗa da ƙasashen waje, da ma'adinai da man fetur, da mafi ƙarancin albashi. Majalisar Tarayya ce ta yi dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi Naira dubu 70 a 2024. 'Yan sanda ma a wannan gona tsarin mulkin 1999 ya sa su, shi ya sa maganar 'yan sandan jiha ta zama maganar gyaran tsarin mulki, ba abin da gwamna zai yi shi kaɗai ba.

Akwai kuma gonar tarayya da jiha tare, kamar gandu. A ciki akwai bunƙasa noma, da masana'antu, da manyan makarantu. Kowa yana iya yin doka a nan. Amma in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama. A 2023 aka faɗaɗa wannan gandu: aka ba jihohi dama su shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen yari, aka kuma sakar musu hannu a kan wutar lantarki.

Abin da ba a ambata a gonakin nan biyu ba, na jiha ne. Sarauta tana ciki. Majalisar Dokokin Jihar Kano ce ta yi dokar ƙara masarautu a 2019, ita ce kuma ta sauya ta a 2024, ba Majalisar Tarayya ba. Kasuwar ƙauye, da tashar mota, da mayanka, da maƙabarta kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Wani lokaci Abuja takan yi doka, amma ba za ta yi aiki a garinku ba sai jiha ta karɓa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 haka ta yi ta jira, jiha bayan jiha, kowace majalisa ta duba ta ta gyara daidai da addini da al'adar mutanenta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuma ta ware kuɗi don makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma jiha ba za ta karɓi kasonta ba sai ta ajiye nata kason tukuna. In rufin ajin 'ya'yanku ya yaye, a fara tambayar jiha da ƙaramar hukuma kafin a ɗora wa Abuja laifi.

Majalisar jiha zaure ɗaya ce. Dattawanmu za su tuna a zamanin Sardauna akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna ban da ta wakilai, amma wannan tsari ya wuce. Yawan kujerun majalisar jiha ma daga kujerun wakilanta na tarayya ake lissafa shi: a ninka sau uku ko sau huɗu, amma kada ya gaza 24, kada ya wuce 40. Kano da an ninka 24 sau 3 da an sami 72, sai aka tsaya a 40. Nasarawa 5 sau 4 ya ba da 20, sai aka cika mata 24.

Inda jihohi suka fi ƙarfi shi ne wajen gyaran tsarin mulki. Majalisar Tarayya ba ta isa ta canza shi ita kaɗai ba. Ana bukatar kashi biyu cikin uku na Dattijai, wato 73. Da kashi biyu cikin uku na Wakilai, wato 240. Sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Mu gwada da Arewa. Jihohi 19 da Abuja suna da sanata 58 da wakili 191. Kudu tana da jiha 17, sanata 51, wakili 169. Ka ga 58 bai kai 73 ba, 191 bai kai 240 ba, 19 bai kai 24 ba. Arewa ita kaɗai ba za ta iya ba, Kudu ita kaɗai ba za ta iya ba. Dole a zauna a yi ciniki. A ganinmu wannan yana cikin abubuwa masu kyau da aka sa a tsarin mulkin nan. A watan Mayu 2006, da aka kawo gyaran da zai ba shugaban ƙasa da gwamnoni zango na uku, a zauren Dattijai ya mutu, bai ma kai ga jihohi ba.

Ƙirƙiro sabuwar jiha ya fi wannan wuya. Sai 'yan majalisar yankin na tarayya da na jiha da kansiloli sun nema da rinjayen kashi biyu cikin uku. Sai mutanen yankin sun amince a ƙuri'ar raba gardama. Sai yawancin jihohin ƙasar sun yarda. Sannan a dawo Majalisar Tarayya. Shi ya sa za ka ga soja ne suka yi ta yanka jihohi: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Gwamnatin farar hula sau ɗaya ta taɓa yi, a 1963, da aka fitar da Jihar Yamma ta Tsakiya. Ɗan takarar da ya ce maka in ka zaɓe shi zai kawo muku jiha, ka tambaye shi ta wace hanya.

ƘOFAR DA ZA KA ƘWANƘWASA

Aikin ɗan majalisa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda gwamnati take kashe kuɗin. Ba shi ne mai haƙa rijiya da hannunsa ba. Abin da ake kira aikin mazaɓa, shi yakan nemi a sa shi cikin kasafin kuɗi, ma'aikata ko hukumar gwamnati ce take ba da kwangila. Kuɗin kuwa na jama'a ne. In an kawo muku famfon tuƙa-tuƙa ko injin ban ruwa, ku yi godiya kamar yadda aka saba, amma ku sani ba daga aljihunsa ya fito ba. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka don ta ga ko an yi su.

In jama'a suka gaji da ɗan majalisarsu kafin shekara huɗu, akwai kiranye. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke zuwa hukumar zaɓe. Hukumar ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, amma waɗanda suka fito ranar tantancewa ba su kai ko kusa da rabi ba, magana ta mutu.

Hanya mafi sauƙi ita ce wasiƙa. Kowane zaure yana da kwamitin sauraren koke-koken jama'a, kuma ɗan majalisarku yana iya gabatar da kokenku a gaban zaure. Kada rashin Turanci ya hana ku. Tsarin mulkin ma da kansa ya ambaci Hausa, tare da Ibo da Yarbanci, cikin harsunan da majalisa za ta iya aiki da su in an yi tanadi. Ku da kuka koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ba sai kun nemi mai rubuta muku ba. Ku sa kwanan wata a sama. Ku rubuta sunan ƙauyenku da gundumarku da ƙaramar hukumarku. Ku faɗi matsala ɗaya tak, kada ku cika buhu. Ku faɗi abin da kuke so a yi. Mutane da dama su sa hannu, maza da mata, wanda bai iya ba ya dangwala. Ku yi kwafi biyu, ku kai ɗaya ofishinsa na mazaɓa, ku ajiye ɗaya a hannun sakataren ƙungiyarku.

Malaman aji, a wannan wata a sa kowane ɗalibi ya rubuta abu huɗu a littafinsa: sunan shiyyar sanatansa, sunan mazaɓarsa ta wakilai, ƙananan hukumomin da suke cikinta, da sunayen mutum biyun da suke kan kujerun. Wanda bai sani ba ya tambaya a ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa, ya kawo amsa ranar aji na gaba.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.